Shekarar da Muka Rufe Kajin Yaya Habi

Daminar bana ta zo da ƙarfi. Tun da marka ta kama, kullum da safe sai na dogara sandata na leƙa bayan gida in ga inda ruwa ya kwana. Yara suna yi mini dariya, wai muna cikin garin Haɗeja, ga jinga an yi, me zan tsorata. Ni dai haka Allah ya yi ni. Tun ina ƙarami ban iya ganin hadari ya taso ba sai na fara tunanin abin da zai ɓata.

A bayan gidan ne jikata Zulai take kiwon kajin gidan gona, jajayen nan masu ƙwai. Da ruwa ya hana ta sakinsu a tsakar gida, sai ta rufe su a ɗakinsu. Ba a daɗe ba na lura bayan wasu ya fara yin fili, gashin gindin jela ya zube, fata ta fito ja. Ina nan tsaye ina neman yadda zan fara magana, sai ga ta ta jawo tsohon daro cike da yashi da toka ta tura musu. Ta ɗaure ganyen zogale da na rama ta rataya a inda sai kaza ta yi tsalle za ta kamo. Ta zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa, ta watsa ɗan tsaki a ciki don su tona.

Na ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Angona, ai kowa ya san wannan. Zaman banza ne ke sa su cin juna. In ka ba su abin yi sai su manta." Ta dube ni tana kakkaɓe hannu. "Kai ma da za a rataya maka zogale da ka daina leƙen ruwa."

Na yi dariya don kada ta ga fuskata ta canza. Amma kalmar nan tata, wai kowa ya sani, ta bi ni har ɗaki. Mu ba mu sani ba.

Zamanin Turawa ne, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ba zan faɗi shekarar ba, don ban riƙe ta da kyau ba, kuma ba na son rubuta abin da ban tabbatar ba. Na gama elementare a nan Haɗeja na koma ƙauyenmu da ke cikin fadama, gabas da gari, ina noma a ƙarƙashin Baffa Sale, ƙanin mahaifinmu. Shi ya riƙe gidan tun da iyayenmu suka rasu. A bazarar shekarar ne yayata Habi ta dawo gida bayan ta fita takaba. Mijinta ya rasu a wani ƙauye wajen Birniwa. Ta zo da 'yarta Dije, wadda a lokacin take cikin famfara, da kwando biyu na kaji.

Wan mijinta, Malam Gambo, shi ya rako su. Kowa ya san yarinya ta dangin ubanta ce, kuma ya zo ne da niyyar ya ajiye uwar ya koma da 'yar. Suka zauna a zaure da Baffa, ina gefe, Yaya tana durƙushe daga bayan ƙofa. Dije 'yar fari ce. Yaya ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce tana son a bar mata ita. Ita ma Dije, Yaya take ce wa uwar, kamar yadda ta ji ina faɗa. Don haka abin da Yaya ta iya cewa shi ne:

"Malam, kajin nan sun yi mini yawa. Da an bar mini yarinyar nan ta riƙa kore musu shirwa."

Ba wanda bai gane ba. Malam Gambo ya dubi tabarma. Ya ce, "Ba na so in ɗora wa Malam Sale bakin da ba nasa ba. Na ga yadda bara ta yi muku."

"Ba za ta ci na Baffa ba. Kajin za su ci da ita."

"To. Zan dawo da kaka. In na tarar kajin suna riƙe da ita, ta zauna har Allah ya kawo mata miji. In ba haka ba, Habi, kada ki ga laifina."

A kan wannan aka yi fatiha.

Ba maganar banza ta yi ba. A lokacin mu ba mu damu da cin ƙwan kaza ba, amma a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori ma'aikatan layin dogo da kukun Turawa suna nemansa ido rufe. Akwai wani mai jaki da yake bi ƙauye-ƙauye yana karɓa. Yaya takan jera ƙwai a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, ya tafi da su, ya dawo mata da gero da gishiri, wani lokaci har da sabulu. Kajin sun kai goma sha wani abu, da zakara ɗaya. Dije ta sa wa kowacce suna. Akwai Mai-tukku, akwai Ja, akwai Fingi mai gashi a murɗe, sannan uwarsu duka, Wake-wake, wadda Yaya ta tafi da ita gidan miji tun tana budurwar kaza. Da safe in an buɗe akurki sai su watse, wasu juji, wasu ƙarƙashin awaki, wasu gindin danga neman gara. In rana ta take sai su taru a gindin tsamiya, kowacce ta haƙa ɗan raminta ta kwanta tana birgima tana watsa ƙasa cikin fikafikanta. Ni dai wucewa nake yi. Ban taɓa ɗaukar wannan wani abu ba.

Kamar yadda Malam Gambo ya faɗa, bara ba ta yi mana kyau ba. Rumbunmu ya ƙare tun kafin ruwan shuka. Na shiga da kaina na share shi da tsintsiya, aka sheƙe sharar aka fitar da ɗan abin da ke ciki, aka sake sheƙe ƙaiƙayin. Cikin rumbun ya koma sumul kamar cikin sabuwar tukunya.

Ruwan ƙasarmu ba daga samanmu kaɗai yake zuwa ba. Daga yamma yake gangarowa, ta wajen Kano, ya bi cikin ciyawa a hankali ba ƙara. A shekarar lafiya murna muke yi da shi, don shinkafa tana tashi tare da shi, yana hawa tana hawa. A wannan shekarar ya zo da wuri, kuma ya fi shinkafar sauri. Na kan kafa kara a bakin gona da yamma, in na dawo da safe in tarar babu shi. Shinkafa ta nutse tana kore shar, ana hango ta a ƙarƙashin ruwa tana kaɗawa. Geron da ke jigawa ya fara fitar da kai, ruwa ya zagaye shi ya tsaya a gindinsa har ya yi rawaya. Daga nan ya shigo unguwarmu. Katanga ta riƙa jiƙewa daga ƙasa tana zamewa a zaune, ba ta ma faɗuwa. Akurkin Yaya yana cikin abin da ya fara narkewa.

Muka kwashe zuwa tudun da ke arewacin ƙauye, inda rumbunan kowa suke. Can kowane gida ya kafa bukkar zana a gindin rumbunsa. Wurin da a da in ka tsaya a wannan gefe sai ka ɗaga murya a ji ka a wancan, yanzu ya ɗauki rabin gari, da awaki da jakuna. Ƙasar ta zama caɓi. Tabarma ba ta bushewa, tufafi suna warin fumfuna, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsage. Itace ɗanye ne, hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa. Da yamma sauro yakan taso daga ruwa kamar an kwance buhu. Macizai ma tudun suka nufa, don su ma nan ne kaɗai ƙasarsu ta rage.

Wanda bai san fadama ba zai ce ai ga kifi. In ruwa ya yi faɗi haka kifi watsewa yake yi cikin ciyawa, sai mutum ya yini kwance a kan ƙaton gora yana neman kifi ya dawo da abin da bai cika tafin hannu ba. Bado muka koma. Mata su shiga ruwa har ƙirji su tsinko ƙwallonsa, su fito matsattsaku na manne da ƙafafunsu, a shanya in an sami rana, a daka a yi tuwo. Yana cika ciki, amma kafin la'asar ka ji kamar ba ka ci ba. Sai tafasa da yaɗiya, sai dusar da a da kaji ake ba, yanzu ana dama ta da ruwan zafi a sha. Yara suna yini suna tsotsar karan burgu, wata ciyawar ruwa, don ɗan zaƙinsa.

A wannan matsi ne kajin Yaya suka faɗa wa shanyar badon wata maƙwabciya. Aka yi cacar baki har da tone-tonen abin da ya wuce shekaru. Kafin wannan ma an yi irinta a kan kajin wasu. Bulama, mai garinmu, ya tara mutane ya ce duk mai tsuntsu ya rufe abinsa ko ya yanka, kada ya sake jin rigimar kaza. Yawancin gidaje biyu ko uku gare su, suka yanka ko suka kife a kwando. Na Yaya sun fi ƙarfin kwando.

Baffa ya ce, "Ga rumbu nan ba kowa a ciki."

Na fi kowa murna da wannan shawara. Rumbun ƙasa ne, a kan duwatsu yake, ba ƙofa sai baki ɗaya a sama da jinka a kai. Maciji ba zai hau ba, shirwa ba za ta gani ba, ruwa ba zai taɓa su ba. A duk tudun nan babu wurin da ya kai shi bushewa. Mu da muke kwana a laima har muna cewa kajin sun fi mu gata.

Aikin ya zama nawa, don ni ke iya hawa tsani. Da safe in ɗaga jinka in tokare ta da kara don haske ya shiga, in zura kaskon ruwa da igiya, in zuba musu ɗan abin da Yaya ta rage daga dusarta. Kafin in gyara zama sun cinye. Daga nan shi ke nan. Sai su tsaya. Wata ta ɗaga ƙafa ta karci daɓen, ba abin da ya taso, ta sake, ta haƙura. Wata ta kwanta ta buɗe fiffike kamar za ta yi birgima, ta shafa jikinta a kan sumul ɗin ƙasa, ta tashi. Ina ganin wannan kullum. In na sauka ciki in ɗebo ƙwai in miƙa wa Yaya, ta adana har a sami kwalekwalen da zai nufi tasha. Da farko ƙwan bai ragu sosai ba, har muka ce an tsira.

Sai na fara ganin bayansu yana yin fili. Babu gashi a ƙasa kuma, ashe duk wanda aka tuge sai a haɗiye. Baffa ya hau ya duba ya ce zakara ne, wuri ya yi masa kaɗan yana yawan hawansu. Aka fito da shi aka yanka. Ba zan ɓoye ba, ranar da aka dafa zakaran nan har yau ina tuna ƙamshin. Mun daɗe rabonmu da maiƙo. Matar Baffa ta zuba ruwa da yawa don romon ya isa, muka sha da tuwon bado, kowa yana gumi.

Abin bai tsaya ba. Filin ya faɗaɗa daga gindin jela zuwa gadon baya, har wuya. Yaya ta daka ɓawon maɗaci ta kwaɓa, na shiga na shafa musu, ko ɗacin zai kore baki. Ya yi kwana kaɗan. Wata safiya na ɗaga jinka na tarar da ƙaramar kaza ɗaya a kwance, an fasa mata baya an jawo hanjinta, sauran suna tsaye a kanta bakinsu ja. Mushe ce. Muna cikin yunwa muka jefa ta a ruwa.

Baffa ya kira Yaya. Ya ce, "Habi, tun muna yara mun san wannan. A cikin kaji akan sami muguwa guda. In ta ɗanɗani jini ba ta bari, kuma ita ke koya wa saura. A cire ta a huta. Gara a yanka ɗaya a ci da a riƙa zubar da mushe."

Yaya ta ce, "Baffa, da an bar su su ɗan fito da yamma, ko na ɗan lokaci. Ni zan tsaya a kansu."

"A kan ƙasar wa? Ko taki ɗaya kika yi kin shiga shanyar wani. Bulama ya yi magana, ba ni zan fara karya ta ba." Ya juyo gare ni. "Iro, kai ne ba ka iya ƙarya ba, kuma ba ka iya ƙyale abu ba. Hau ka zauna ka gano mana ita."

Na hau. Na zauna a bakin rumbu, ƙafa ɗaya a tsani, kaina cikin inuwar jinka, zafi da warin kashin kaji suna bugo ni. Na yi wa kaina alkawari ba zan ambaci sunan kowacce ba sai na gan ta ta maimaita, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don ina tsoron ɗaukar alhakin ko da kaza. Mai-tukku ce. Takan zo a hankali ta bayan wata, ta kalli gashi kamar tana kallon ƙwayar hatsi, ta kama ta fizge ta haɗiye. Ba fushi a tare da ita. Wannan ya ɗaure mini kai, amma ban san abin da zan yi da shi ba. Na sauko na faɗa.

Yaya ta ce, "Ka tabbata ita ce?"

"Na gani da idona, Yaya."

"To a fito da ita."

Mai-tukku tana cikin masu yawan ƙwai. Da aka fige ta aka buɗe, ga ƙwai jere a cikinta, manya da ƙanana. Aka sami sauƙi na 'yan kwanaki, har Baffa ya ce ba ga shi ba. Sai Ja ta ɗauka daga inda waccan ta tsaya. Na sake hawa, na sake zama, na sake tabbatarwa. Bayan Ja wata. Kullum mai ƙarfin ce, mai kuzarin, wadda a da ita ke fara isa juji da safe. Raunanan da aka fige su ake bari, kuma su ba sa ƙwai.

Mutanen tudu suka mai da abin wasa, don ba su da wani abin dariya. In na ɗauko tsani sai in ji an ce, "Alƙali zai hau kujera." Wani ya ce, "Malam Iro, in an yanke hukunci a tuna da maƙwabta, ko ƙafa ce." Ranar da na lura matar Baffa ta ɗora tukunya tun ban sauko ba, sai na ɗauke kai na koma kallon kajin. Ba na zarginta, Allah ya jiƙanta, tana da ƙananan yara suna kuka. Ba na zargin Baffa, abin da ya gada ya faɗa, kuma ya yi imani da shi. Sai dai na sha tambayar kaina, da a ce duk hukuncin da aka yanke zubar da kazar ake yi ba ci ba, da ba mu tsaya tun a ta biyu mun ce anya kuwa ba? Ban sani ba. Ciki in yana kuka ba ya barin kai ya yi dogon bincike, kuma nawa cikin ma yana cikin masu kukan.

Yaya ba ta taɓa cin naman ba. In an miƙo mata rabonta sai ta juye a akushin Dije tana kallon wani gefe, kamar ba da gangan ba. Ita kuwa yarinya, da wawulonta, ta zauna ta gwigwiyi ƙashi har ya yi fari. Kumatunta suka ciko a lokacin da na sauran yaran tudu suke zurmawa. Wata rana ta kama gefen rigata ina shirin hawa.

"Kawu, yau ma akwai mai laifi?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna, Dije."

"Ka duba da kyau."

Yaya tana tsugune tana ɓare bado, ta ji. Ba ta ɗago ba.

Har aka zo kan Wake-wake. Na daɗe ina ganinta ina kawar da kai, ina cewa bari in ƙara tabbatarwa. Amma ta yi a gabana har na rasa inda zan ɓoye. Da Baffa ya tambaye ni da hantsi, na faɗa masa gaskiya. Kaji uku suka rage a lokacin, ita da Fingi da wata baƙa ƙarama. Yaya ta ce, "Ita ma?" Na ce ita ma. Baffa ya ce a bari ya dawo daga kamun kifi.

Kafin ya dawo hadari ya haɗu daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga zana. Akwai abu biyu da ba mu so su jiƙe. Ɗaya damin ciyawa ne da na yanko don toshe rufin bukka, na sha wahala kafin ya bushe. Ɗaya kuma kwandon toka ne da matar Baffa take tarawa, tana tace ruwanta a miya tun da kanwa ta ƙare. Bukka tana yoyo, ba inda za a sa su. Yaya ta miƙo mini ina kan tsani, na jefa ciyawar cikin rumbu, na zura kwandon da igiya, ya karkace rabin tokar ta zube. Na ja jinka na rufe, na sauko da gudu. Aka yi ruwa har magariba. Baffa ya dawo a jiƙe ya ce yankan sai da safe.

Da safe ya wasa wuƙarsa ya tsaya a gindin rumbu. Na hau in kamo ta. Tun kafin in ɗaga jinka na ji wani sauti da na daɗe ban ji ba, irin ƙaramin gunagunin da kaza take yi in ta sami abu. Na leƙa. Sun kwance damin, sun baza ciyawar ko'ina. Baƙar tana tono da ƙafa biyu tana ja da baya tana duba abin da ya fito, 'ya'yan ciyawa da ƙananan ƙwari. Fingi tana bin wata fara da ke tsalle a cikin ciyawar. Wake-wake kuwa tana kwance cikin toka a gefe ɗaya, ta miƙe ƙafa, ta rufe ido, tana watsa toka a bayanta da fiffike. Fingi ta zo ta wuce ta gaban bakinta da jan bayanta a buɗe. Ko kallonta ba ta yi ba.

Baffa ya ce daga ƙasa, "Ka kamo ta mana."

Na ce, "Baffa, a ɗan dakata."

Na zauna har rana ta take. Ba wadda ta taɓa wata. Na ce a bar ni in ga gobe. Gobe ma haka. Na ƙaro ciyawa, na tsinko ganyen tafasa na jefa, na roƙi toka a bukkokin maƙwabta har ana tambayata ko rini zan fara. Baffa ya mai da wuƙarsa kube, kuma bai sake tayar da maganar muguwar kaza ba har ya bar duniya.

Yaya ba ta taɓa hawa tsanin nan ba, amma ranar ta ɗaure zani ta hau. Na riƙe mata daga ƙasa. Ta daɗe kanta yana cikin rumbu. Da ta sauko ta tsaya tana kakkaɓe toka daga hannunta.

Ta ce, "Ashe aiki suka rasa."

Na ce, "Yaya, duk wadda na faɗa, wallahi na gan ta."

"Na sani, Iro. Wa ya ce ka yi ƙarya?"

Ta tafi ta ɗauki ƙwaryar ƙwai, ta zubar da ƙaiƙayin, ta kife ta.

Ruwa ya fara ja. Ya bar laka mai wari da kifi a kududdufai, muka kama har muka shanya. Muka koma unguwa muka tayar da katanga, muka shuka wake a inda ruwa ya sauka. Kaji ukun suka koma gindin tsamiya. Sabon gashi ya fara tsiro musu kamar ƙaya. Amma kazar da take mai da gashi ba ta ƙwai, duk abin da ta ci can yake tafiya. Na riƙa leƙa sabon akurki safe da yamma. Mai jaki ya zo ya yi sallama, Yaya ta ce masa sai wani jiƙon.

Malam Gambo ya zo da kaka kamar yadda ya ce, da jaki da ɗan buhun gero na jaje. Aka zauna a zaure, Yaya a bayan ƙofa. Aka kira Dije ta gaishe shi. Ya kama hannunta ya juya, ya dubi fuskarta.

Ya ce, "Masha Allah. Na biyo ta ƙauyuka na ga yaran ambaliya, hankalina ya tashi. Wannan kam ba ta ji jiki ba. Habi, da me kika riƙe ta haka?"

"Da kajin, Malam."

"Alhamdu lillahi. Ina suke?"

Na tashi na kai shi gindin tsamiya. Ya tsaya yana kallonsu su uku, da bayansu mai ƙaya-ƙaya. Na fara yi masa bayani, rumbu da toka da ciyawa, na ce yanzu mun gane, in aka ba su lokaci za su yi kwanci su ƙyanƙyashe, kafin baɗi sun dawo. Ya saurare ni har na gama, mutum ne mai haƙuri. Muka koma zaure.

Ya ce, "Malam Sale, me kuka girbe?"

Baffa ya ce, "Abin da ka gani."

"Habi, daga nan zuwa baɗi fa, da me?"

Na ji numfashinta a bayan ƙofa. Abin da ke ranta ba a faɗarsa. Can ta ce, "Yadda ka gani, Malam."

Da safe aka ɗora Dije a kan jaki. Murna take yi, ba ta taɓa hawa ita kaɗai ba. Matar Baffa ta rungume ta tana hawaye, maƙwabta suka fito, kowa yana kiran sunanta. Yaya ba ta fito ba sai da aka kusa tashi. Ta zo da kwando, ta shimfiɗa ciyawa a ciki, Wake-wake tana zaune a kai, ga ɗan ƙullin toka a tsumma an ɗaure a gefe. Ta ɗaura kwandon a jikin jakin, ta ja igiyar ta sake ja, idonta a kan ƙullin.

Ta ce, "Ke yarinya. In kun je kada ki bari a rufe ta a wurin da ba abin tonawa. Kin ji?"

"Na ji, Yaya."

"Ko an rufe ta, ki zuba mata ciyawa. Ki riƙa dubawa."

Ta juya ta shiga gida tun jakin bai motsa ba.

Dije ta girma a can, ta yi aure a can. Malam Gambo ya riƙe ta da amana, ba zan ce ba haka ba. Amma Birniwa a wancan zamani ba nan kusa ba ce, kuma ba a sake samun dalilin da za a ce a dawo da ita ba. Ganin da suka yi wa juna da Yaya bayan wannan bai taka kara ya karya ba. Fingi da baƙar sun sami zakaran maƙwabta, sun yi kwanci da bazara, kafin shekara ta zagayo kajin Yaya sun fi na da yawa. Duk damina sai ta sa in yanko mata ciyawa in tara a rumfa tun ruwa bai zo ba. Ta yi ta kiwonsu har ta tsufa, tana korar shirwa da kanta.

Jiya da aka ɗauke ruwa na shiga madafa na kwashe tokar murhu a tsohon kwano, na lallaba zuwa bayan gida. Zulai ta gan ni.

Ta ce, "Angona, ai akwai a daron. Ko ba ka yarda da aikina ba?"

Na ce na yarda. Na dai ƙara musu.